Wai Hila Bawa Ne?

Mai Magani: Salamu alaikum. Yau sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Shekara 6 ke nan ina riƙe da hila, wato mai warkar da 'yan wasa, a ƙungiyar nan tamu ta wasan kwamfuta a Saudiyya. Jiya Alhamis na rufe shago ƙarfe 11 na dare, ko burodin tamis ban tsaya saya ba, na hau kwamfuta saboda ana ta kirana wai babu mai magani. Muka shiga kogon dodanni na cikin wasan mu 5. Tanki, wato mai shiga gaba ya tare mana duka, ya kwaso garken dodanni uku a lokaci ɗaya, bai ko waiwayo ya ga shuɗin layina na "mana", ƙarfin da nake warkarwa da shi, ya kusa ƙarewa ba. Maharbi ya tsaya ƙyam a tsakiyar wuta kamar mai jin ɗumi a sanyin Tabuk. Sau 4 muna zubewa a gaban bos, wato babban dodo, na biyu. Ina cikin rubuta "ku ba ni daƙiƙa goma in sha ruwa" don layin ya cika, sai na tsinci kaina a ƙofar gari ni kaɗai. An kaɗa ƙuri'a an fitar da ni. Ba baƙi ba ne fa. Mutanen da muka sa hannu a farantin shinkafar mandi ɗaya da su ne.

Abin da nake cewa shi ne, babu adalci tsakanin azuzuwan wasannin nan, wato rabon aiki na hila da tanki da mai duka, tun daga tushe a karkace aka gina su. Mai duka yana da ma'auni da ke nuna lambarsa, kowa ya gani ya tafa masa. Tanki shi ke gaba, shi ke riƙe da akala. Ni kuwa wa ke ƙirga mutuwar da ba a yi ba? In an ci bos, maharbi gwani ne. In an faɗi, hila rago ne. Hila bawa ne kawai, a ci a ƙoshi a bar masa wanke-wanke.

Auta: Sanyin Tabuk 😂😂

Kibiya: Ni ne maharbin, ba sai an yi habaici ba. Bing ɗina ne ya haura, wato intanet ya yi jinkiri, ban ga wutar ba sai da na ga gawata.

Ɗan Misfala: Dakata tukuna. Me ka ce? Bawa?

Mai Magani: Misali ne ya akhi.

Ɗan Misfala: Misali da me? Kalmomin Hausa sun ƙare ne? Kai da ka sauka Jidda da biza shekara 8 da suka wuce ba ka san nauyin kalmar nan ba. Mu da aka haifa a nan da ita muka tashi a layi. Kana wasan ƙwallo a fili, ka ƙwace wa yaro ƙwallo, abin da zai fara fitowa daga bakinsa ke nan. Sai 1962 aka soke bauta a ƙasar nan, lokacin kakata tana goyon mahaifiyata. Kuma ita ba baiwar kowa ba ce, da ƙafarta ta taso daga ƙasar Katsina, ta ratsa Sudan, ta haye teku daga Sawakin don ta sauke farali. Amma a bakin mai zagi duk ɗaya ne. Sai kuma in buɗe waya da safe in ga ɗan'uwana yana jifa da ita saboda an kore shi daga kogon dodanni.

Bakano: Allah Ya ba da haƙuri, amma ni ban ga abin zafi ba. A Hausarmu bawa ba zagi ba ce. Bawan Allah muke cewa kullum. Akwai mutane masu suna Bawa har gobe. Bawa Jan Gwarzo Sarkin Gobir ne guda, wa ya isa ya kalle shi ya ce an rena shi?

Ɗan Misfala: "A Hausarmu." To mu tamu Hausar ta wace ce?

Bakano: Ban ce haka ba.

Ɗan Misfala: Ka ce mana. Kullum haka kuke, in mun yi magana a ce Hausarmu ta gauraye da Larabci, ba mu san komai ba.

Auta: "Mana" ɗin nan ita ce ta ƙare wa Yaya Mai Magani jiya 😂

Ɗalibin Madina: Jama'a a yi hankali. Akwai bambanci tsakanin bawan Allah da bawan mutum, kuma shari'a da kanta ta bambanta. Hadisi ingantacce ya zo da hanin mutum ya ce "abdi" (bawana) ko "amati" (baiwata) ga wanda ke ƙarƙashinsa, an ce ya ce "fataya" (yarona) da "fatati" (yarinyata), domin dukkanmu bayin Allah ne. To in har mai bawa na gaske an hana shi faɗin kalmar, ina ga mai wasan kwamfuta? Ni ina ganin Ɗan Misfala yana da hujja. Da ya ce "hadimi" da babu wanda zai tanka.

Baffa Garkuwa: Ai hadimi ma daraja ce. Sayyidul ƙaumi khadimuhum, shugaban mutane shi ne mai yi musu hidima.

Ɗalibin Madina: Baffa, da girmanka, wannan malaman hadisi sun raunana shi. Ma'anar tana da kyau amma kar a jingina shi haka kai tsaye.

Baffa Garkuwa: Ban ce hadisi ba ne, na ce ana faɗa. Shekararka nawa a jami'ar ma?

Ɗalibin Madina: Ta uku.

Baffa Garkuwa: To.

Mai Magani: Ni dai maganata a kan daidaiton azuzuwa ce. A bar kalmar, na janye ta. A amsa mini tambayata: me ya sa aikin hila ba ya da ma'aunin da ake yaba masa da shi?

Ɗan Misfala: Janyewa ba ba da haƙuri ba ce.

Bint Maiurno: Sannunku da faɗa. Ni ma jikar masu tafiyar ƙafa ce, kakanninmu bayan yaƙin Burmi a 1903 suka yi gabas suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar, don haka na fahimci Ɗan Misfala, mu ma a Sudan mun sha namu sunayen. Amma bawan Allahn nan (yauwa, na faɗa) ya kawo magana mai ma'ana kun bar ta a ƙasa. Ni Final Fantasy XIV nake yi tun kafin yaƙi ya fito da mu daga Khartum. Can mutum ɗaya yana iya koyon duk sana'o'in wasan, ka canza makami ka canza aiki, shi ke nan. Wanda jiya ya yi duka yau shi ke warkarwa. Wannan kaɗai yana rage rashin kunya, domin wanda ya taɓa zama yana kallon layukan rai guda 8 suna sauka lokaci ɗaya, hannunsa yana rawa, ba zai sake tsayawa cikin wuta ya ce bing ba. Matsalarku ba ta ma'auni ba ce. Kuna da mutanen da ba su taɓa ɗanɗana aikin juna ba.

Kibiya: Anti, bing ɗin gaskiya ne wallahi. Sabar Turai muke hawa daga Makka.

Bint Maiurno: Shi mai maganin daga Faransa yake hawa?

Auta: 🔥🔥

Kibiya: To bari in faɗi tawa tunda abin ya zama haka. Hila ba bawa ba ne, sarki ne. Shi da tanki in sun danna neman ƙungiya, kafin su ajiye kofin shayi an kira su. Ni sai in yi sallar isha, in yi shafa'i da wutiri, in dawo ina nan a layi. Kuma har lada na musamman ake ba su don su yarda su shigo, saboda sun yi ƙaranci. A ƙungiyar mutum 5, uku masu duka ne, amma masu son duka sun ninka haka nesa ba kusa ba. Wanda ake roƙo ya zo, ake biyansa ƙari, in ya yi fushi ya fita kowa ya zauna, shi ne bawa? Mu ne 'yan cirani a wasan nan. In an kori maharbi, kafin ƙiftawar ido an kawo wani.

Bakano: Ka ga kai ma ka ce "'yan cirani". Yanzu ni ma sai in tayar da rigima?

Ɗan Misfala: Kar ka haɗa. Cirani zaɓi ne.

Bakano: Zaɓi? Ka san nawa buhun shinkafa a kasuwar Singa ta Kano?

Baffa Garkuwa: Ku yara ne shi ya sa. Ni na fara wasannin nan a shagon intanet a titin Mansur, muna biyan kuɗin awa, muna yin wasan Silkroad. Ka loda wa raƙumi kaya daga gari zuwa gari, ɓarayi su tare ka a hanya, mafarauta su kare ka. A nan babu wanda ke kukan daidaito, kowa ya san ɗan kasuwa nama ne, ɓarawo kura ne. Da World of Warcraft ya fito a 2004, Paladin na ɓangaren Alliance ne kaɗai, Shaman na Horde ne kaɗai. Ɓangare guda yana da ajin da ɗayan ba ya da shi kwata-kwata. Shekaru ana cacar baki a kan wanda aka fifita, sai 2007 da aka fitar da ƙarin wasan mai suna Burning Crusade aka ba kowa duka biyun. Kuma Paladin na wancan zamanin, mutum mai sulke da guduma, in an je babban yaƙi na mutum 40 sai a ce ya koma baya ya yi magani. Wasu har rigar tsumma suke sawa don ta fi ƙara ƙarfin warkarwa. Albarkar da yake sa wa mutane minti 5 take yi, kafin ya gama zagaye mutum 40 ta farkon ta kusa sauka, ya sake daga fari. Wannan shi ne wahala. Ku yanzu me kuka gani?

Mai Magani: Baffa ai ka ƙarfafa maganata ne. Tun 2004 haka ake yi wa mai magani.

Baffa Garkuwa: A'a. Na nuna maka an gyara.

Ɗalibin Madina: Ni a ganina kalmar "adalci" ma an yi amfani da ita ba daidai ba. Adalci ba shi ne daidaito ba. Adalci shi ne ajiye kowane abu a muhallinsa. In maharbi ya iya ɗaukar duka kamar tanki, ya iya warkarwa kamar hila, to me ya rage na wasan? Ai an gina shi ne don kowa ya buƙaci ɗan'uwansa. Kuma ajin da ya fi ƙarfi a kan dodo ba lallai ya fi ƙarfi a kan mutum ba, shi ya sa duk gyaran da aka yi sai wani ɓangare ya yi kuka. A dakushe maka takobi saboda masu faɗan fili, kai mai shiga kogo ka kwana a ciki.

Bint Maiurno: Wannan gaskiya ne. A wajenmu da aka kawo Pictomancer a 2024, mai yaƙi da burushin zane, kowa ya bar tsohon bokansa ya koma can don ya fi duka, sai daga baya aka rage masa. Amma wai ni tambaya ɗaya, waye tankin jiya? An ambaci maharbi ya fito, tankin da ya kwaso garke uku fa?

Ɗan Misfala: Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Ku je ku duba mutumin da Mai Magani ya ƙera. Na taɓa shiga kogo da shi. Fari tas kamar madara, gashi ruwan zinare har kafaɗa, ido shuɗi. Mutum ya zauna gaban allo, an ba shi dama ya yi kansa yadda yake so, ya zaɓi ya zama Bature. Sannan ya zo yana kiran kansa bawa. Ku haɗa biyun ku ga abin da ke zuciya.

Mai Magani: Subhanallah. Yanzu kuma har zuciyata ka shiga? Lokacin da na ƙera shi fuskokin da ake da su kaɗan ne. Mafi duhun fatar da ke ciki kamar Baturen da rana ta ɗan gasa ne. In ka sa shi da hancin nan siriri da gashin nan mai santsi sai ya fito wani iri, ba mu ba, ba su ba. Na gwada wallahi, na fi rabin awa ina ja da baya ina dawowa. Daga ƙarshe na ce gara in yi wanda ya dace da kansa.

Bakano: Wannan kam gaskiya ne. Ko World of Warcraft sai 2020, da ƙarin wasan mai suna Shadowlands, aka kawo baƙar fata ta sosai da fuska da gashi irin namu. Shekara 16 ana wasan, akwai mai kore, akwai mai shuɗi, akwai saniya mai tafiya da ƙafa biyu, amma babu mai kama da ni.

Ɗan Misfala: To tun 2020 zuwa yau me ya hana shi zuwa wajen wanzami ya canza? Yawancin wasannin nan yanzu suna da shi. Ni ranar da na samu dama a nawa ban kwana ba. Na sa fatar, na faɗaɗa hanci, na sa gemu irin na mahaifina, har 'yar furfurar gefen nan. Da na gama na kira ƙanwata ta gani, ta tsaya ta yi shiru, ta ce "Baba ne." Tun ranar ban sake taɓa fuskar ba. An sha ce mini abubuwa a cikin wasa saboda ita, da Larabci da Turanci, ban canza ba.

Bint Maiurno: Allah Ya ji ƙansa in ya rasu.

Ɗan Misfala: Amin Anti. Shekara 7.

Mai Magani: Allah Ya gafarta masa. Amma ni na saba da nawa. Shekara 6 ina kallon bayansa yana gudu. In na canza shi ji zan yi kamar na shiga gidan wani.

Ɗan Misfala: Ka saba da zama Bature.

Kibiya: Kai Ɗan Misfala ka cika. Wasa ne fa. Mutum ba ya da ikon zama abin da ba shi ba na awa biyu? In don mu zama kanmu ne ai sai mu kashe kwamfuta mu kalli madubi.

Auta: Shi ya sa Yaya Kibiya mace ce a wasa 😂

Kibiya: Auta zan zo har gida in same ka.

Ɗalibin Madina: Da gaske ne? Wannan kuma akwai magana a kai. Namiji ya yi kama da mace...

Kibiya: Malam don Allah kar ka fara. Ba ni na sa zane ba. A wasan Black Desert na saba, can kowane aji da jinsinsa a kulle. Ranger mace ce, in kana son salon wasanta dole ka ɗauke ta haka. Ba ka da zaɓi. Da na dawo nan sai na ci gaba da abin da idona ya saba.

Bint Maiurno: Abin mamakin wasan nan ke nan. Za ka iya matsa ƙashin kunci, ka lanƙwasa gashi sili-sili, amma ba za ka iya cewa mayaƙinka mace ba ce sai ka nemi wani ajin daban mai kama da shi. Sun ba ka ikon gyara labule, ginin kuwa nasu ne.

Bakano: Ni abin da ya hana ni wasan nan, aji guda sun sa masa suna Musa. Sunan Annabi guda a kan mai yawo da takobi yana yanka aljanu. Ban ga dalili ba.

Kibiya: Ba Musa namu ba ne. Kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ne, kuma "musa" a yarensu mayaƙi ke nan. Ta macen ita ce Maehwa.

Bakano: Haka suka ce maka.

Kibiya: Haka yaren yake!

Bakano: Suna sayar da wasa a ƙasashen Musulmi, babu wanda ya gaya musu? Sun san hanyar yin yankin Valencia a cikin wasan da hamada da raƙuma da rawani, amma ba su san Musa ba?

Baffa Garkuwa: Valencia ɗin nan kam sun yi ƙoƙari, a bar gaskiya. Lokacin da na shige ta, da rana zafi ya buge ka sai ka sha tataccen ruwa, da dare sanyi ya kama ka sai shayi, taswira ma ɓacewa take yi in ka shiga yashi. Wanda ya taɓa bin hanyar Makka zuwa Riyad da tsohuwar mota ya san ba ƙarya suka yi ba.

Ɗalibin Madina: Game da sunan, in lafazi ya yi kama amma asali ya bambanta, hukunci yana bin nufi. Sai dai barin abin da ke sa shakka ya fi.

Auta: Wato ka ce e kuma ka ce a'a.

Mai Magani: Jama'a. Sa'a biyu ke nan. Babu wanda ya ce mini "yi haƙuri an kore ka". Babu wanda ya ce ga wanda ya fara danna ƙuri'ar.

Kibiya: Ba ni na fara ba. Akwatin ne ya fito na danna e, hannuna yana kan maɓallin.

Mai Magani: Hannunka yana kan maɓallin. Lokacin da kake son rigar nan mai fukafukai ta shagon wasa, katinka ya ƙi aiki, wa ya saya maka? Riyal 200 tun Sha'aban. Ban taɓa tambaya ba sai yau.

Kibiya: Haba. A gaban mutane? 150 ne ma.

Mai Magani: 200. Akwai rinin da ka ƙara.

Bakano: Riyal 200 a kan rigar da ba za ka sa a jikinka ba? Ka san nawa ke nan a naira? Wallahi ku 'yan nan kuɗi bai dame ku ba.

Ɗan Misfala: Ga shi kuma, "ku 'yan nan". Kana ganin bishiyar riyal ce a ƙofar gidanmu? Je ka tambayi wanda aka haifa a nan yadda yake sabunta iƙama, takardar izinin zama.

Bint Maiurno: Ai riga ita ce ainihin ƙarshen wasa, duk wanda ya daɗe ya sani. Ƙarfin da ka tara yau, gyara ɗaya za a yi ya zama banza. Riga kuwa tana nan. Amma har yanzu ban ji sunan tankin ba.

Auta: Ni fa duk wannan wasannin tsofaffi ne. Ku zo waya. Gasar Esports World Cup da aka yi a Riyad a 2024 sama da dala miliyan 60 aka raba, ƙungiyar Falcons suka ɗauki kofin kulob. Ku kuna nan kuna faɗa a kan hancin ɗan tsana.

Kibiya: Kai ko da yaushe bayan mai nasara kake. A ƙwallo ma bara Hilal, bana Ittihad.

Auta: Ƙarya ne, ni Ittihad tun ina cikin zani!

Ɗan Misfala: Ɗan Makka na gaske Wahda yake yi, ko ana ci ko ba a ci.

Bakano: Shi ya sa ka iya haƙuri da wahala.

Ɗan Misfala: Maimaita.

Bakano: Wasa nake yi ya shaikh.

Ɗan Misfala: Da wasa ake faɗa wa mahaukaci gaskiya ko? Na gane. Ni dai har yanzu ina jiran kalma biyu daga Mai Magani.

Mai Magani: Yi haƙuri. Ga su nan. Yanzu ni wa zai ba ni nawa?

Ɗan Misfala: Wannan ba daga zuciya ta fito ba.

Ɗalibin Madina: Zukata Allah ne Ya san su. A karɓi zahiri.

Bint Maiurno: Auta, kai kana cikin su jiya ko? Waye tanki?

Auta: Anti ni yaro ne, ba na ambaton manya.

Baffa Garkuwa: Khalas, ya isa haka. An kusa kiran Juma'a, bari in tattara abin da aka cimma don waɗanda za su buɗe waya su tarar da saƙo ɗari uku.

Na ɗaya, kowa ya yarda kalmar da Mai Magani ya yi amfani da ita ba ta dace ba, ya janye, ya ba da haƙuri. Ɗan Misfala ya karɓa ko bai karɓa ba, an wuce wurin. Daga yau ba a son ta a zauren nan.

Na biyu, maganar rashin daidaito tsakanin azuzuwa ba ta tabbata ba. Na kawo tarihi tun daga 2004 babu wanda ya iya rushe shi, kuma Kibiya ya nuna cewa hila ma gata gare shi. Ɗalibinmu ma, duk da ƙuruciyarsa da saurin gyara manya, ya yarda cewa kowane aji da muhallinsa. Abin da ya fito fili shi ne aikin da ya fi kowanne nauyi a kogo na tanki ne, shi ke haddace hanya, shi ke shan duka, shi ke duba agogo, kuma ba ka taɓa jin ya zo zaure yana kuka. Tankin da ya kwaso garke uku ya yi ne don lokaci yana ƙurewa, kuma da hilar da ta gabata ana yin haka lafiya lau. Mai magani ya kamata ya riƙa shan ruwansa tun kafin a tsaya, ba sai ya ga layi ya ƙare ba.

Na uku, fuska da fata da jinsi kowa ya yi abin da ya ga dama, amma ni ina tare da Ɗan Misfala, nawa ma baƙi ne tun zamanin da ba a yayin haka. Batun Musa an bar wa malamai. Batun riyal 150 ko 200 ku sasanta a bayan fage, ba a kawo bashi zaure.

Ƙuri'ar jiya kuwa mutane da yawa ne suka danna, ba za a kama mutum ɗaya ba, don haka babu amfanin tonawa. Anti Bint Maiurno, tambayarki ba ta cikin abin da ake muhawara a kai.

Na rufe rubutu sai bayan la'asar. Daren yau ƙarfe 11 da rabi kogon jiya za mu koma, ni ne tanki kamar kullum, kuma garke uku zan kwasa. Wanda zai riƙe magani ya zo da ruwansa.